Rabilu Musa Ibro: Dariyar Talaka Da Fushin Masu Mulki

Fiye da shekara goma ke nan da rasuwar Rabilu Musa, wanda ƙasar Hausa ta fi sani da Ibro ko Ɗan Ibro, amma har yau muryarsa ba ta bar majalisun matasa ba. A Haɗejiya da Malam Madori da Kafin Hausa da Auyo, da wuya a je shagon cajin waya ko teburin mai shayi bayan isha'i a rasa wani saurayi yana kallon guntun wasansa, na kusa da shi suna leƙe suna ƙyaƙyatawa. Yaran da ko wayo ba su yi ba ranar da aka binne shi, yau su ne suke kwaikwayon tafiyarsa da karin maganarsa suna ɗorawa a TikTok. Mutumin da ya yi irin wannan tasiri a zukatan matasan al'umma bai kamata a wuce shi da tsaki ba, haka nan bai kamata a wuce shi da tafi ba. Wajibi ne a zauna a auna rayuwarsa da aikinsa da ma'aunin adalci, don a san abin ɗauka da abin zubarwa.

Mutane sun rabu gida biyu a kansa tun yana da rai. Akwai waɗanda da zarar an ambaci sunansa sai su ɗaure fuska, su ce ai ɗan wasa ne, mai ɓata tarbiyya, babu wani alheri a tattare da shi. Akwai kuma waɗanda suka ɗauke shi gwarzon da ba ya kuskure, duk abin da ya fito daga bakinsa hikima ce. Duka ɓangarorin biyu sun huta da wahalar tunani. Shi kuwa matashin da yake son ya fahimci al'ummarsa, dole ya yi wa kansa tambayoyi uku: me ya sa talakawa suka rungumi wannan mutum haka? A ina ya yi tuntuɓe? Kuma da hukuma ta tashi kama shi, a kan wane laifi ta kama shi?

WANE NE IBRO?

An haifi Rabilu Musa a 1971 a garin Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa ta Jihar Kano. Ya yi firamare a garinsu, sannan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Duk mutumin Haɗejiya ya san Wudil, ko da a hanyar Kano ce, kuma ya san cewa kogin da ke ratsa ƙarƙashin gadarta shi ne dai yake gangarowa ta Ringim har ya iso Haɗejiya, ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri ya nufi Nguru. Wato ke nan Ibro ɗan bakin wannan kogi ne, ya tashi cikin manoma da masunta da masu tallan kifi a bakin titi, irin mutanen da suka cika wannan kwari tun daga sama har ƙasa.

Bayan karatu ya shiga aikin gidan yari a farkon shekarun 1990, ya yi kimanin shekara takwas yana gandiroba kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasan kwaikwayo gaba ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a fahimtar wasansa. Gidan yari makaranta ce ta sanin halin ƙasa. A nan ake ganin wanda ya saci akuya yana shekaru yana jiran shari'a, alhali wanda ya wawure dukiyar jama'a yana gida ana yi masa fadanci. A nan ake ganin yadda mai ƙaramin muƙami yake kumbura a kan na ƙasa da shi, ya kuma durƙusa a gaban na sama. Wanda ya lura da yadda Ibro yake fitowa a ɗan sanda ko mai gadi ko ɗan koren wani babba, zai gane cewa mutumin ya ga abin da idonsa.

Lokacin da ya shigo, sana'ar fim ɗin bidiyo ta Hausa tana rarrafe. A 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin na farko. Kafin ƙarshen shekarun 1990 kasuwa ta buɗe, har aka raɗa wa sana'ar suna Kannywood a 1999. Fim ɗin 'Yar Mai Ganye yana cikin na farko-farkon da suka fito da sunan Ibro, daga nan kuma sai abin ya zama kamar ruwan Agusta: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Aloko, Ibro Ɗan Fulani, Andamali, da wasu masu yawan gaske. Ya kai ga sunansa kaɗai a bayan kwali ya isa ya sayar da kaset. Yana wasa, yana shirya finafinai, yana kuma waƙoƙin barkwanci irin su Bayanin Naira da Idi Wanzami. Tare da shi akwai abokan tafiya da jama'a suka sani da sunayen wasa, irin su Kulu da Yautai da Gatari da Ɗan Gwari da Baba Ari da Tsigai.

BA DAGA SAMA YA FAƊO BA

Masu cewa barkwanci baƙon abu ne da bidiyo ta kawo ƙasar Hausa ba su yi wa tarihi adalci ba. Tun kafin zuwan Bature akwai wawan sarki a fada, wanda yake iya faɗa wa sarki cikin wasa abin da waziri ba zai iya faɗa da gaske ba. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai da zancen tuwo da miya. Akwai 'yan gambara a kasuwanni. Akwai wasannin tashe a watan azumi, inda yara suke kwaikwayon mai rowa da malalaci da tsohon banza, ana dariya ana ɗaukar darasi. Da rediyo da talbijin suka zo, sai ga su Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, tsohon soja da ya mai da rayuwar bariki abin dariya, ga Ƙasimu Yero, ga Karkuzu a Jos. Ibro magajin wannan dogon layi ne. Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne, su gidan talbijin na gwamnati ne yake ɗaukar nauyinsu yana kuma sa musu linzami, shi kuwa kasuwa ce ubangidansa. Wannan 'yanci ne ta wata fuska, kuma tarko ne ta wata fuskar, kamar yadda za a gani.

ME YA SA TALAKA YA RUNGUME SHI?

A shekarun da Ibro ya yi tashe, mafi yawan finafinan Kano labarin soyayya ne da aka kwafo daga Indiya. Saurayi ɗan Alhaji, budurwa 'yar Hajiya, gida mai bene, mota mai sheƙi, a shiga lambu a yi waƙa a fito. Manomin shinkafa a Auyo, ko mai jan komi a Baturiya, ko mai ɗaukar kwandon kifi a kasuwar Haɗejiya, in ya biya kuɗinsa ya shiga gidan kallo ana kunna janareto, babu inda yake ganin kansa a cikin wannan duniya, sai fa in an nuno mai gadi yana buɗe ƙofa.

Ibro ne ya ɗauko wannan mai gadin ya sa shi a tsakiyar fage. Ya fito da doguwar jar hularsa da rigar da ta sha jiki, yana magana da Hausar ƙauye ba tare da jin kunya ba. Matsalolinsa su ne matsalolin mai kallo: bashin mai shago, kuɗin cefane, kuɗin haya, surukin da ba ya ƙoshi, ɗan sandan da ke tare hanya, bokan da ke damfara, ɗan siyasar da ba a ganinsa sai kakar zaɓe. 'Yan birni suka raina irin waɗannan finafinai, suka kira su camama, wato aikin arha na gaggawa. Amma camamar nan ita ce take ƙarewa a kasuwa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai wani sirri kuma. A wasannin Ibro, sau da yawa wanda ake ɗauka wawa shi ne yake tona asirin masu wayo. Yakan yi tambayar da kowa yake jin tsoron yi, ya yi ta da fuskar rashin sani, sai mai babbar riga ya rasa amsa. Talakan da aka hana shi magana a gaban hakimi da ciyaman da dibio, in ya ga ɗan'uwansa ya kunyata irinsu ko da a cikin akwatin talbijin ne, sai ya ji wani ƙulli ya kwance a ƙirjinsa. Wannan dariya tana da daraja, domin tana rage wa azzalumi kwarjinin da yake cin abinci da shi. Fir'aunan kowane zamani sun fi jure zagi a kan dariya, saboda wanda ake yi wa dariya an daina jin tsoronsa.

INDA YA YI TUNTUƁE

To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Ba duk dariyar Ibro ce ta nufi sama ba. Da yawa daga cikinta ƙasa ta nufa, kan waɗanda ba su da bakin ramawa.

Musulunci bai haramta raha ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAWA) yana yin raha da sahabbansa da iyalinsa, sai dai ba ya faɗin komai face gaskiya. A cikin sahabbai akwai Nu'aiman ɗan Amru, wanda ya halarci Badar, kuma ya shahara da barkwancin da yake sa Manzo murmushi. Saboda haka mai cewa duk mai ba da dariya ɗan wuta ne ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai. Amma addinin ya kafa iyaka. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana aibata juna da jifa da miyagun laƙubba, ta kuma tunatar da cewa mai yiwuwa wanda ake rainawa ya fi mai rainin a wurin Allah. Haka nan akwai hadisi sananne da ya yi kakkausan gargaɗi ga mai shara ƙarya don kawai ya ba mutane dariya. Malamai sun yi bayani a kan bambancin ƙaryar da ake yaudarar mutane da ita da kuma misalin da kowa ya san shiri ne, wannan fage ne nasu. Amma a kan izgili ga bayin Allah babu wani saɓani.

A nan ne finafinan camama suka yi ta zamewa. Makaho da kurma da gurgu da mai in'ina da mai taɓin hankali sun zama kayan dariya. Matar aure kullum mafaɗaciya ce mai kwaɗayi. Bafulatani kullum bagidaje ne da ba ya gane komai sai saniya. Bagwari kullum mai karyayyar Hausa ne da za a yi wa wayo. Ga kuma raye-raye da waƙe-waƙen da ake cusawa don kaset ya shiga kasuwa, waɗanda wasunsu babu uban da zai so ya zauna kallonsu tare da 'ya'yansa.

Wani zai ce ai wasa ne, kuma Bahaushe ya gaji barkwanci tsakanin ƙabilu: Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa. Haka ne, amma a duba da kyau. Wancan wasa na gado ido da ido ake yinsa, kowa yana da bakin ramawa, kuma a ƙarƙashinsa akwai amana: abokin wasanka ba ya ganinka cikin wahala ya wuce. Shi kuwa kaset hanya ɗaya yake bi. Mutum dubu ɗari suna dariya, wanda ake yi wa dariyar ba shi da inda zai mai da martani. Yaro ya tashi bai taɓa zama da Bafulatani ba, amma ya riga ya haddace cewa wawa ne.

Mutanen kwarin Haɗejiya sun fi kowa sanin hatsarin wannan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta canza. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani wuri ruwa ya kwanta shekara da shekaru. Gonaki suka ci burtali, mashaya ta yi ƙaranci, manomi da makiyayi da masunci suka koma cin tuwo a ƙwarya ɗaya da ta ƙanƙance. Rikicin manoma da makiyaya a yankin Guri da Kirikasamma ya sha cin rayuka. A irin wannan ƙasa, duk abin da zai sa wani ya ga ɗan'uwansa Musulmi a matsayin wanda bai cika mutum ba, itace ne ake turawa a wuta, ko da da dariya aka tura shi. Raini shi ne yake share wa gaba hanya.

Sai kuma batun Ibro Usama na 2002, wanda ya fito lokacin da Amurka take ruwan bama-bamai a Afganistan, zukatan Musulmi suna tafasa. Malamai da 'yan Hisba da dama sun yi tir da fim ɗin, suna ganin an mai da al'amarin da jini yake zuba a cikinsa abin wasa. Masu kare shi suka ce ai Amurka ce aka yi wa dariya. Ko ma wanne ne, darasin a fili yake: kasuwa ba ta san alfarma ba. Duk abin da ake magana a kai, in zai sayar da kaset, za a yi fim da shi kafin mako ya zagayo. Wanda kasuwa take ja da hanci, wata rana za ta kai shi inda bai yi niyya ba.

RANAR DA GANDIROBA YA ZAMA FURSUNA

Yanzu sai tambaya ta uku, wadda ita ce zuciyar wannan magana. An ƙaddamar da shari'a a Kano a shekarar 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001. Duk tsawon shekarun da ake yi wa makafi da guragu da Fulani dariya, kasuwar camama tana ci, Ibro yana yawonsa. A 2007, bayan wani abin kunya da ya girgiza sana'ar fim, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka shiga kame. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 a kan kundin waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A Disamba 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama a kan fim ɗin Tsintsiya, hukuncin da babbar kotu ta soke a Maris 2009 bayan ya riga ya sha zaman kurkuku.

Shi kuwa Ibro, a Oktoba 2008 aka gurfanar da shi a kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da hukumar, aka yanke masa wata biyu a gidan yari. Tuhumar da aka karanta ita ce gudanar da kamfani ba tare da rajista ba, da kuma rawar da aka ce ta saɓa wa tarbiyya a fim ɗin Ibro Aloko. Amma a bakin jama'ar Kano, da ma masu nazarin sana'ar, zancen da ya yi ta yawo shi ne waƙar Mamar da ke cikin fim ɗin, wadda ta yi shaguɓe da wani yadi mai wannan suna da aka san gwamnan da magoya bayansa da sanyawa. Mutumin da ya shekara takwas yana kulle wasu, sai ga shi an kulle shi.

Babu mai musun cewa sana'ar fim a lokacin tana buƙatar gyara, kuma al'umma tana da haƙƙin kare tarbiyyar 'ya'yanta. Amma a yi wa Allah a duba: in don kare mutuncin bayin Allah ne, ina aka shiga lokacin da ake wulaƙanta naƙasassu? Wane makaho ne aka taɓa bi wa kadinsa a kotun tafi-da-gidanka? Ashe mutuncin talaka halal ne a ci, sai an taɓa rigar mai mulki sannan za a tuna da tarbiyya? Ko da a ce tuhumar da aka karanta ita ce ainihin dalili, yadda aka yi shari'ar cikin gaggawa ya isa ya sa jama'a zargi, kuma hukumar da ta bari aka zarge ta da amfani da sunan addini don kare kujera ta yi wa addinin illar da ɗan wasa dubu ba za su iya yi ba. Domin matashin da ya ga haka, sai ya fara ɗaukar duk wani kira zuwa ga ɗa'a a matsayin siyasa.

Kuma abin bai tsaya a 2008 ba. A Nuwamba 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, saboda wasan da suka yi a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. A cikin wannan watan ne kuma jami'an tsaro suka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, nan Jigawa, suka kai shi Abuja saboda wani ɗan rubutu da ya yi a Twitter a kan matar shugaban ƙasa na lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki zafi sannan aka janye ƙarar. A daidai wannan shekara ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a faɗin Jigawa, dubban mutane suka kwana a makarantu da bakin titi. Ba a ji an yi wa wani bulala saboda sakacin da ya bar talakawa a bakin ruwa ba. Gwamnatoci sun canza, jam'iyyu sun canza, amma fatar masu mulki tana nan da taushinta.

ƘARSHEN TAFIYA

Ibro ya fito daga kurkuku ya ci gaba da sana'arsa, farin jininsa ma sai ƙaruwa ya yi. Amma jiki da jini. Ya yi fama da ciwon ƙoda, kuma ranar Laraba 10 ga Disamba 2014 Allah Ya karɓi ransa a Kano, yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Aka kai shi mahaifarsa aka binne, jama'a masu ɗimbin yawa suka halarta.

Ciwon ƙoda ba baƙo ba ne ga mutanen wannan kwari. Daga Haɗejiya har Gashuwa an daɗe ana kuka da yawansa, kuma gidaje da yawa sun san yadda wankin ƙoda yake cinye gona da shanu kafin ya bar mutum. Wanda ya ba miliyoyin mutane dariya, shi ma ta wannan ƙofar ya fita, a shekarun da ake cewa mutum ya fara zama cikakken magidanci. Jar hular tana nan a hotuna, mai ita kuwa yana can inda ba a tambayar yawan kaset ɗin da aka sayar. Wannan kaɗai ya isa wa'azi ga duk saurayin da yake ƙirga mabiyansa a waya dare da rana.

Ya kamata kuma a tuna cewa sana'ar da ya yi wa bauta ba ta da tausayi. A zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwa da masu satar fasaha su ne suke kwashe romon, ɗan wasa kuwa sai ya yi ta fitowa a fim bayan fim kafin ya riƙe gida. Shi ya sa ake yin fim cikin 'yan kwanaki, babu rubutaccen labari, babu mai dubawa ya ce wannan ya dace wannan bai dace ba. Da yawa daga kurakuran camama 'ya'yan wannan gaggawa ne. An sha ganin tsofaffin 'yan wasa da suka yi suna a ƙasar nan suna neman taimakon kuɗin magani a ƙarshen rayuwarsu. Suna ba ya biyan kuɗin asibiti.

ABIN DA YA RAGE GA MATASA

Yau babu buƙatar ɗan kasuwar Ƙofar Wambai kafin mutum ya yi fim. Kowane saurayi da ke riƙe da waya a Birniwa ko Kaugama kamfani ne mai zaman kansa. Wannan ya sa nauyin da yake kan Ibro jiya ya dawo kan dubban matasa yau, kuma babu wanda zai ce bai ga abin da ya faru da na gaba ba.

Wanda Allah Ya ba shi baiwar ba da dariya, kada wani ya sa shi ya ji kamar an jarabce shi da cuta. Baiwa ce, kuma amana ce. Amma kafin ya ɗora komai, ya tambayi kansa: wa za a yi wa dariya a nan? In amsar ita ce makaho, ko bazawara, ko almajiri, ko Bafulatanin da ya shigo kasuwa da sandarsa, to ya goge, domin ya haɗa kai da masu danne raunana ko bai sani ba. Abin yin wasa a kai bai ƙare ba a wannan kwari. Ga mai rabon tallafin ambaliya da yake fara cika ɗakinsa. Ga dillalin takin da ke sayar da na gwamnati a bayan shago. Ga ɗan takarar da yake alkawarin kwashe kachala duk kakar zaɓe, kachalar tana nan tana kiwon tsuntsayen jan-baki. Ga mai ba manomi bashi da damina ya karɓi ninki da kaka. Ga saurayin da ya sayar da gonar gado ya sayi waya. A yi wasa da hali, a bar sunan mutum da iyalinsa, a kuma tsaya a kan gaskiya, domin ƙazafi ƙazafi ne ko a kan azzalumi aka yi shi.

Masu kallo su ma suna da nasu kason. Kasuwa ce ta ja Ibro zuwa inda ya yi tuntuɓe, kasuwar nan kuwa mutane ne. Duk wanda ya tura wa abokinsa bidiyon da ake tozarta wani bawan Allah, ya sa hannu a ciki. In masu kallo suka daina tafa wa izgili, masu yi za su daina.

Su kuma masu wa'azi da masu riƙe da hukumomin tarbiyya, tarihin Ibro ya bar musu tambaya. Shin an taɓa zama da irinsa a matsayin ɗan'uwa, a nuna masa iyakokin Allah da lallashi da hujja, ko kuwa daga la'anta a kan mumbari sai kotu? Mutumin da talakawa suke saurare fiye da yadda suke sauraren gwamna, ribar jawo shi kusa ta fi ribar tura shi kurkuku nesa ba kusa ba. Gyaran da ya tsallake mai mulki ya faɗa kan ɗan wasa kaɗai, jama'a ba za su taɓa karɓarsa a matsayin gyara ba.

Rabilu Musa ya tafi da alherinsa da kurakuransa, hisabinsa yana wurin Ubangijin da ba Ya zalunci. Ya share wa talakawa hawaye a shekarun da babu mai share musu, ya kuma yi kuskuren da masu rai za su iya kauce wa. Allah Ya gafarta masa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba masu fama da ciwon ƙoda lafiya, Ya kuma ba matasan al'umma basirar gane inda dariya take zama sadaka da inda take zama zalunci.